Teburin Sinuka: A Fitar Ko A Gyara?

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin jama'a a wannan jami'a tamu, tun daga ɗakunan kwana har zuwa ɗakin cin abinci, watau maganar teburin sinuka da ke cikin zauren shaƙatawa na Ƙungiyar Ɗalibai. Mutane sun rabu gida biyu a kansa. Kashi na farko suna cewa a fitar da shi waje kowa ya huta, domin a ganinsu ba shi da wani amfani illa tara 'yan caca da cinye wa ɗalibai lokacin karatu. Kashi na biyu kuwa su ne gwanayen wasan, waɗanda suka daina damuwa da halin da kayan zauren suke ciki, tun da kowannensu ya mallaki sandarsa ta kansa, yana zuwa da ita cikin akwatinta kamar mai ɗauke da kakakin sarki, in ya gama ya kulle abarsa ya kama gabansa. A tsakanin waɗannan biyu an bar ɗalibin da ba shi da hali, wanda ba ya caca, ba shi kuma da kuɗin sayen sanda, yana tsaye a gaban waɗansu karkatattun itatuwa da aka jingine a kusurwa, ana kiransu sanduna don dai ba a sami wani suna ba.

Ra'ayinmu shi ne duka ɓangarorin biyu sun kauce hanya. Teburin nan bai cancanci a fitar da shi ba, bai kuma kamata a bar shi a hannun 'yan tsirarun masu hali ba. Abin da yake bukata shi ne gyara da kulawa, da kuma doka mai ƙarfi wadda za ta raba shi da kuɗin caca. Za mu kafa hujjarmu ne a kan ita sandar kanta, domin tarihin wasan ya nuna ƙwarewa tana zuwa ne daga sabo da sanda da iya riƙon amanarta, komai arhar kuɗinta.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu yi wa wanda bai san wasan ba ɗan bayani. Wasannin da ake yi da sanda a kan tebur mai koren ƙyalle dangi ɗaya ne, babban sunansu biliyad. Sinuka ta ainihi ana yin ta a kan tebur mai tsawon ƙafa 12 da faɗin ƙafa 6, mai aljihu shida, da ƙwallaye 22: jajaye 15, masu launi 6, da farar da ake bugu da ita. Ja maki 1 take da shi, rawaya 2, koriya 3, mai ruwan ƙasa 4, shuɗiya 5, mai ruwan hoda 6, baƙa kuwa 7. Wanda ya jefa ja a aljihu sai ya zaɓi mai launi, sa'an nan ya koma kan ja, haka har jajayen su ƙare, a kwashe masu launin bi da bi. Idan mutum ya bi kowace ja da baƙa, ya kuma share sauran ba tare da kuskure ba, ya tara maki 147 ke nan a hawa guda, abin da Joe Davis na Ingila ya fara yi a hukumance a 1955, Ronnie O'Sullivan kuma ya yi shi cikin minti 5 da daƙiƙa 8 a 1997. Amma wanda aka fi yi a bakin titunan garuruwanmu, ana kiransa sinuka, shi ne wasan da Amurkawa suke ce wa pul, mai ƙaramin tebur da ƙwallaye 15 masu lamba. Ko wanne mutum ya ɗauka daga ciki, sanda ce ginshiƙinsa.

To, mece ce wannan sanda? Tsawonta inci 57 ne ko 58, nauyinta kuwa kimanin rabin kilo. Ta sinuka akan sassaƙa ta da wani itace na ƙasashen sanyi da ake kira ash, ta pul kuwa da wani da ake kira mefil, domin dukansu suna da tauri, ba su kuma cika karkacewa ba idan an busar da su sosai. Gindinta, inda ake riƙewa, sau da yawa akan haɗa shi da baƙin itacen nan mai nauyi, ɗan'uwan kanya, irin wanda ake sarowa a dazuzzukan Kamaru da Gabon, don ya daidaita nauyin sandar a hannu. A bakinta akwai ɗan zobe na tagulla mai hana itacen tsagewa, a kan zoben kuma aka manna wata 'yar guntuwar fata wadda faɗinta bai wuce milimita 10 ba, ko 13 a sandar pul. Dokar sinuka ba ta ce uffan a kan farashi ba. Abin da ta ce shi ne kada sanda ta gaza ƙafa 3, ta kuma kasance da siffar da aka saba gani. Ko wannan ma sai a 1938 aka kafa ta, bayan wani ɗan wasa mai suna Alec Brown ya zaro wata 'yar sanda mai kama da alƙalami daga aljihunsa ana tsakar wasa a Landan, ya buga da ita, ya ce a nuna masa dokar da ta hana.

A duk jikin sandar nan babu abin da ya kai 'yar guntuwar fatar nan arha, babu kuma abin da ya kai ta muhimmanci. Shekaru aru-aru ana wasan biliyad a Turai da wata sanda mai faffaɗan kai wadda ake tura ƙwallo da ita, daga baya aka gane juya ta a buga da wutsiyarta. Duk da haka zallan itace ne yake haɗuwa da ƙwallo, idan aka kauce wa tsakiyarta ko kaɗan sai ya zame. Wani hafsan sojan Faransa mai suna Francois Mingaud, wanda aka ɗaure a kurkuku a Faris ya sami teburin biliyad a can, shi ne a wajejen 1807 ya gane manna fata a bakin sanda ya kuma zagaye ta. Daga nan wasan ya sake kama ɗungum. Aka iya bugun farar ƙwallo a ƙasa ta taɓa 'yar'uwarta ta dawo baya, ko a sama ta bi ta, ko a gefe ta lanƙwasa bayan ta daki robar tebur. Allin da ake gogawa a kan fatar don ta kama, shi ma ba allin aji ba ne. Wani gari ne mai kaushi na ma'adinai, wanda waɗansu Amurkawa biyu, William Spinks da William Hoskins, suka yi wa rajista a 1897. Ashe ke nan duk gwanintar da muke gani tana rataye ne a kan fatar da ba ta kai girman kwabo ba, da ɗan ƙullin alli. Sanda mai tsadar gaske da mataccen baki ba ta kai mai arha da aka gyara wa baki ba.

Mai shakkar wannan magana sai ya dubi labarin Stephen Hendry, mutumin Sukotlan, wanda ya ci gasar duniya ta sinuka har sau bakwai tsakanin 1990 da 1999. Duk ya ci su ne da sanda guda, wadda aka saya masa fam 40 yana yaro ɗan kimanin shekara 14. Da aka sace ta a 1990, fam 10,000 aka sa lada ga wanda ya dawo da ita, aka kuwa dawo da ita. A 2003 ta karye cikin kayan jirgin sama a hanyarsa ta komawa gida daga Tailan. Mutumin da yake da kuɗin sayen kowace irin sanda a duniya, ya rasa wadda za ta maye masa gurbin ta fam 40. Ko da yake ya ci waɗansu 'yan kofuna bayan haka, bai sake kaiwa wasan ƙarshe na gasar duniya ba har zuwa 2012 da ya sanar da ajiye wasa. Abin da ya karye a jirgin nan shi ne sabo na kusan shekara ashirin tsakanin hannu da itace, shi kuwa ba a sayar da shi a kanti.

Haka nan Willie Mosconi na Amurka, wanda a 1954 ya jefa ƙwallaye 526 a jere ba tare da kuskure ba. Yana yaro mahaifinsa yakan kulle ƙwallaye don ya hana shi wasa, shi kuwa sai ya koma koyo da dankali da sandar tsintsiya. Ga kuma Efren Reyes na ƙasar Filifin, ɗan talakawa, wanda ya tashi yana aikin jera ƙwallaye a gidan wasan kawunsa a Manila, yana kwana a kan tebur idan an rufe, ya kuma zama zakaran duniya a 1999, har mutane da yawa suna ganin ba a taɓa yin gwanin pul kamarsa ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fara da akwatin sanda. Abin da suka samu shi ne tebur kusa da su, da damar taɓa shi kullum.

Kada a ɗauka muna zargin wanda ya sayi sandarsa. Labarin Hendry ma ya nuna amfanin mutum ya riƙe sanda guda ya saba da ita. Abin da muke ƙi shi ne gasar nuna isa da ta shigo tsakaninmu, inda ɗalibi zai ga hoton sanda a intanet, ya ji an ce ɗinkin hannu ce daga Landan mai kuɗi fam ɗaruruwa, ko kuwa sabuwar nan ta zamani da ake yi da zaren kabon maimakon itace, ya hana kansa abinci da littafi don ya mallaki kwaikwayonta. Wanda hannunsa yake rawa, ko aka ba shi sandar zinariya rawar zai yi. Mafi muni kuma, da zarar gwanaye sun janye hannunsu daga sandunan zaure, babu sauran mai ido a kansu, domin su ne kaɗai suka san bambancin mai lafiya da marar lafiya.

Mu leƙa kusurwar da sandunan suke, mu ga abin da rashin ido ya haifar. Yawancinsu sun rasa fatar baki, ana bugu da zallan zoben tagulla, wanda ke ƙwarzane ƙwallo yana yaga ƙyalle. Waɗansu an ɗaure musu baki da roba, waɗansu an buga musu ƙusa. Da yake babu alli, sai ka ga ɗalibi yana murza bakin sanda a jikin bango yana neman farar ƙasa, har bangon ya zama kamar wanda ƙyanda ta kama. Ga kuma jingina. Itace abu ne mai shan iska: da damina yana shan laima ya kumbura, da hunturu ya bushe ya ƙanƙance, idan kuwa yana jingine a bango duk tsawon wannan lokaci, to, a haka zai lanƙwashe ya zauna. Kowa yana iya gwadawa: a kwantar da sanda a kan tebur a mirgina ta, idan bakinta yana tashi yana sauka, ta karkace ke nan. Sabon ɗalibi da ya fara koyo da irin wannan, zai auna daidai ya ga ƙwallo ta tafi wani wuri, ya zaci laifinsa ne, ya gyara hannunsa don ya dace da karkatar sandar, ya tashi da gurguwar koyo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuwa muna tanƙwara 'yan'uwanmu ta inda bai kamata ba.

Shi kansa teburin ba ƙaramar dukiya ba ce. A ƙarƙashin koren ƙyallen babban teburin sinuka akwai fallayen dutse guda biyar da aka goge suka yi sumul, shi ya sa nauyinsa ya wuce tan guda. Wani maƙerin tebura a Landan mai suna John Thurston shi ya fara sa dutse a madadin katako a wajejen 1830, ya kuma kawo robar gefe a 1835. Dutsen nan ba ya ruɓewa, ba ya karkacewa, yana iya wuce shekara ɗari yana aiki. Abin da ke mutuwa shi ne ƙyalle da roba da ragar aljihu, dukansu kuwa ana sake su. Ƙyallen na ulu ne mai gashi kwance wuri guda, ana share shi da buroshi ta inda gashin ya kwanta, a goge shi da dutsen guga, a rufe shi da mayafi saboda ƙura. Mu kuwa muna zama a kansa muna hira, muna ɗora masa kwalabe da kwanukan abinci. Wanda ya ce a fitar da teburin domin ya lalace, kamar mai cewa ne a rushe gida don jinkarsa ta tsufa.

Yanzu sai mu juya ga hujjojin masu son a fitar da shi, domin ba mutanen banza ba ne, maganarsu kuma tana da nauyi. Hujjarsu ta farko ita ce wasan na 'yan mulkin mallaka ne, ba shi da asali a wurinmu. Gaskiya ne. An ƙago sinuka a 1875 a ɗakin shaƙatawar hafsoshin sojan Ingila da ke Jabalfur a Indiya, ana kuma danganta ta da wani matashin hafsa mai suna Neville Chamberlain, wanda ba shi ne firayim ministan nan ba. Ta shigo ƙasar nan ta kulob-kulob ɗin Turawa, inda baƙar fata ba ya shiga sai in shi ne mai share tebur ko mai kawo abin sha. Har ma akwai abin da ya fi wannan ciwo. A ƙarni na 19 da hauren giwa ake yin ƙwallayen, haure guda kuwa ba ya ba da fiye da ƙwallo takwas, sau da yawa ma bai kai haka ba. Giwayen Afirka ne suka biya wannan farashi, fataken Hausa ma suna cikin masu ɗauko haure daga Adamawa, ya bi ta Kano ya ƙetare Sahara zuwa Tarabulus. Tsadar hauren ce ta sa wani kamfanin tebura a Niyok ya sa ladan dala 10,000 ga wanda ya samo madadinsa, abin da ya zaburar da John Wesley Hyatt har ya fito da wani irin roba mai tauri a 1870, ɗaya daga cikin kakannin robar da ta cika duniya a yau.

Duk mun yarda da wannan tarihi, amma ba mu ga ya zama dalilin ƙin wasan ba. Ƙwallon ƙafa ma ta hannun Turawan ta zo. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rungumi ƙwallon dawaki, ɗansa Usman Nagogo ya zama gwanin da aka sani har ƙasashen waje. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya koyi wasan fayif a Kwalejin Katsina, bai kuma bar shi ba har yana Firimiya. Indiyawan da ake hana wa shiga kulob, ɗaya daga cikinsu, Wilson Jones, ya ci gasar biliyad ta duniya ta waɗanda ba sana'arsu ba ce a 1958. A 2025 kuwa, a zauren Crucible na birnin Shafil, inda ake yin gasar duniya tun 1977, wani ɗan ƙasar Sin mai suna Zhao Xintong ya ɗauke kambin sinuka a gaban Ingilishi, shi ne mutumin Asiya na farko da ya yi haka. Amsar da ta dace da wanda ya hana kakanka taɓa tebur ita ce ka fi jikansa iyawa.

Hujjarsu ta biyu ita ce caca, a nan kam muna tare da su ɗari bisa ɗari a kan cutar, maganin ne muka saɓa. Babu mai musun cewa caca ta daɗe tana bin wasan nan kamar inuwa. Sunan pul ɗin kansa ya samo asali ne daga kuɗin da 'yan caca suke tarawa wuri guda. Mun ga yadda abin yake farawa, daga “wanda aka ci ya biya kuɗin tebur” zuwa “a sa ɗan wani abu don wasa ya yi armashi”, har a kai ga ɗalibi ya jinginar da wayarsa, ko ya taɓa kuɗin makarantar da iyayensa suka sayar da amfanin gona suka aiko masa. Addininmu ya haramta wannan, al'adarmu ta ƙyamace shi, hankali ma ya ƙi shi. Amma a duba yadda masu kula da wasan a duniya suka yi da cutar ta kama su. A 2013 sun dakatar da wani fitaccen ɗan wasan Ingila, Stephen Lee, har shekara 12 saboda sayar da wasa. A 2023 sun hukunta 'yan wasan Sin guda goma, biyu daga ciki aka kore su har abada. Shi kansa Zhao da muka ambata yana cikin goman, ya yi wata 20 a waje kafin ya dawo ya gyara sunansa. Ba su ƙone tebura ba, masu laifi suka hukunta. Mu ma idan muka fitar da teburin, ɗan caca ba zai tuba ba, zai koma rumfar bayan gari ne, ko kuwa cacar ƙwallo da ke cikin wayarsa, inda babu idon kowa. Wanda zai yi hasara shi ne mai wasa don Allah.

Hujja ta uku ita ce ɓata lokaci. Lalle wanda ya wuni a gindin tebur alhali malami yana aji ya cuci kansa, sai dai wannan matsala ce ta rashin ƙa'ida, agogo da makulli sun isa su warware ta. Wasan da kansa yana koyar da abubuwan da ɗalibi yake bukata. Akwai lissafin kusurwa da na ƙarfin bugu, har wani babban masanin lissafi na Faransa, Coriolis, ya rubuta littafi guda a kan haka a 1835. Akwai tunanin gaba, domin gwani ba ya duban ƙwallon da zai jefa kawai, yana tunanin inda fara za ta tsaya bayan bugu biyu ko uku. Akwai ladabi, domin al'adar wasan ce mutum ya faɗi laifinsa da bakinsa idan ya taɓa ƙwallo ko da alƙali bai gani ba. Akwai kuma haƙuri. A wasan ƙarshe na gasar duniya a 1985, Steve Davis ya ci Dennis Taylor zagaye takwas na farko a jere, amma Taylor bai karaya ba, ya yi ta bi har suka yi 17 da 17, aka raba gardama a kan baƙar ƙwallo ta ƙarshe bayan sha biyun dare, mutum miliyan 18.5 suna kallo a talabijin a Birtaniya, Taylor ya jefa ta. Ɗalibin da ya faɗi jarrabawar zangon farko yana da abin koyo a nan.

Saboda haka muna kira ga Majalisar Ɗalibai da ta ɗauki waɗannan matakai. Na farko, a kira wanda ya san aikin ya sake ƙyalle da roba, ya daidaita teburin da ma'aunin magina, a kuma ɗinka masa mayafi. Na biyu, a zubar da sandunan da suka karkace, a sayi masu sauƙin kuɗi amma miƙaƙƙu, kafinta ya yi musu ma'ajiya inda za su tsaya cir ba tare da jingina ba, nesa da taga da rana. Na uku, a tanadi fatun baki da gam da alli, a koya wa waɗansu ɗalibai yadda ake manna fata a kankare ta. Aiki ne na 'yan mintoci, a ƙasar majema da dukawa kuwa abin kunya ne a ce an rasa mai yinsa. Na huɗu, a naɗa mai kula, da littafin da kowa zai sa hannu in ya karɓi sanda in kuma ya mayar, a riƙa karɓar ɗan kuɗi kaɗan na gyara, a manna lissafinsa a allon sanarwa kowane wata don kada gyara ya zama ci. Na biyar, a haramta sa kuɗi kowane iri, wanda aka kama a hana shi zauren har ƙarshen zango, ko ɗan wane ne. Na shida, a rufe tebur a lokutan darasi da na salla da makon jarrabawa, a kuma bi layi bisa ga rubutun suna, a ware wa sababbin shiga da 'yan'uwanmu mata lokacinsu, don kada manyan 'yan wasa su mamaye shi. Na bakwai, a shirya gasa tsakanin ɗakunan kwana sau ɗaya a shekara, kyautarta kofi da littattafai. Su kuma masu akwatin sanda muna roƙonsu su ba da awa guda a mako su koyar, su kuma duba lafiyar sandunan jama'a.

Ga yayyenmu da suka gama suka kama aikin gwamnati, waɗanda muka san mujallar nan tana isa hannunsu, maganar ta shafe ku. Da yawa daga cikin kulob-kulob ɗin ma'aikata suna da irin wannan tebur a wani ɗaki, ƙura ta binne shi, kowa yana jiran wani ya gyara. Halin da ke sa ɗalibi ya shafa wa sandarsa mai ya kulle, ya kuma buɗe kwalba da gindin sandar zaure, shi ne halin da zai sa gobe ya wanke motarsa kullum ya bar ta ofis ta mutu saboda rashin baƙin mai. Kalmar nan “kayan gwamnati”, wadda ta zama kamar izinin ɓarna a bakinmu, a irin waɗannan ƙananan wurare ake fara koyonta, a nan kuma ya kamata a fara kashe ta. Don tuwon gobe ake wanke tukunya. Waɗanda suka kafa teburin nan ba su san mu ba, amma sun bar mana shi. Akwai kuma yara a makarantun sakandare yanzu da za su zo su tarar da abin da muka bari.

Muna fata idan Majalisa ta zauna a kan kasafin kuɗin wannan zango, wakilanmu za su tuna cewa kuɗin Ƙungiya na kowa ne, har da ɗalibin da ba shi da abin hutawa sai zauren nan. A gyara tebur, a miƙe sanduna, a kori caca. Wanda yake da ra'ayi dabam, shafukan mujallar nan a buɗe suke gare shi. Allah Ya sa mu dace, amin.